Guduma bata cire ki, dan Allah a fada wa yaranmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina gaisuwa, ya aiki ya iyali, Allah ya kara basira. Ni bakanike ne, kananan injina nake gyarawa, janareto da injin markade da na ban ruwa, shagona yana nan bangaren Mile 12 a Legas. Gaskiya ban saba rubuta wa jarida ba, hannuna yafi sabawa da sifana, to amma abinda ya faru satin da ya wuce ya tsaya min a rai, na dame mutanen gida da maganar har uwargida tace in bazan yi shiru ba in je in fada wa wadanda zata amfana. Shine nace bari in gwada, in kun ga ya dace ku buga.

Ranar Talata da hantsi aka turo min injin markade a baro. Mai injin wata Iya ce Bayarabiya, tana markada tattasai da tumatir da wake a bakin kasuwa, mun dade muna harka da ita. Tana biye da baron tana fada tana tafa hannu, yaron da ya turo baron, wanda ta fara kai wa gyaran, kuma namu ne Bahaushe, kansa a kasa. Ina dora ido akan injin na gane komai tun kafin wani ya bude baki. Bakin shaf ya baje kamar kan tsohon cizal da aka shekara ana duka, fuli ya tsage har gefe daya ya balle, bakin mai yana tsiyaya ta bayansa, shi kuwa dan ki din da akayi duk wannan yakin dominsa yana nan kwance a raminsa ko gezau. Abinda ya kaita wajen yaron fa bai taka kara ya karya ba, fulin ne ya cinye, bel yana sulbewa, tana so a sa mata sabon fuli, aikin rabin awa. Garin neman gira aka rasa ido.

Ga mai karatun da bai san ki ba, ba makullin kofa nake nufi ba, haka dai muke kiransa a bakin aiki. Dan guntun karfe ne, wani ma bai kai tsawon dan yatsa ba. In ka duba sandar nan da take fitowa daga inji tana juyawa, wadda muke cewa shaf, zaka ga an fafe mata dan kwari a jiki, shima fuli, wato gargaren da bel yake hawa, akwai irin wannan kwarin a cikin raminsa. To ki ne yake shiga tsakani, rabinsa a shaf rabinsa a fuli, ya kulle su su juya tare. Duk karfin injin nan, doki 5.5 ne ko 6.5, ta jikin wannan dan abin yake bi kafin ya kai ga tattasan Iya. Kudinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Amma abinda yaran nan basu sani ba, a irin wadannan injinan, Honda ne ko na China da suka kwaikwaye shi, shaf din da yake lekowa waje ba wani karfe ne daban da aka jona ba, wutsiyar karanshaf ce da kanta, wato babbar sandar da take juyawa a cikin inji. Duk gudumar da ka sauke a bakinta har cikin cikin inji take shiga, boris da sandar take juyawa a kansa ya ji, oyil sil mai tare mai ya ji, murfin gefe ya ji. In ka lalata ta babu wani gyara sai an farke inji gaba daya an sa wata.

A Kano na koyi aiki, kuma can sai inji ya shekara da shekaru ka zo ka kwance fuli ya fito maka salin alin, kura kawai zaka hure. Da nazo Legas na sha mamaki. Nan ruwan sama tun wajen Afrilu yake farawa, ga iskar teku mai gishiri, ga kwata da take cika ta shigo har rumfa, sannan injin markade shi kullum a jike yake, ruwan tumatir mai tsami yana diga akansa tun safe, da yamma a watsa masa bokiti a lullube shi da leda da lemarsa. Tsatsa kuma kumburi take, tafi karfen da ta ci girma, sai ta cike dan sararin da yake tsakanin ki da kwarinsa ta matse shi tam kamar anyi masa walda. In fulin na alminiyon ne ma har wani farin gari zaka gani yana fitowa tsakaninsa da shaf. Abinda ya dauki damina 3 yana cijewa ne wani yake so ya fitar a minti 5 da karfin tuwo.

Ni dai ga yadda ogana ya koya min, Allah ya jikansa, kuma har yau ban ga abinda ya canza ba. Kafin komai a wanke wajen, a goge tsatsar bakin shaf da samfefa, in akwai inda karfe ya dan tashi a bi shi da magagari, domin fuli ta nan zai wuce, in hanya bata da kyau bazai wuce ba. Sai a duba me yake rike da fulin. Wani kusar noti ce a tsakiyar bakin shaf da washa, wani kuma dan sukuru ne mara kai a gefen wuyan fuli wanda ake kwancewa da alinki, sau tari akan ki din yake zaune daidai. Nan wajen akwai tarko, wasu guda 2 suke sawa a rami daya, daya akan daya don kar ya kwance, ka cire na sama kace ka gama ashe na kasa yana nan ya danne ki. Ka haska tocila ka leka ramin tukuna. Ramin ma yakan cika da datti har ka rantse babu komai a wajen. Na Iya haka yake, sukurun yana nan daure yaron bai ma san da shi ba, yana ta dukan abinda yake a kulle.

Bayan nan sai jiko. Man feshin nan mai sakin tsatsa WD-40 in kana da hali, in babu kananzir da dan bakin mai yana yi, a zuba ta gaba a zuba ta ramin sukurun, a dan kwankwasa wuyan fuli a hankali don man ya samu hanya, sai a tafi a barshi. Wannan barin shine aikin da yafi wa yaranmu wuya wallahi. Ogana in ya zuba kananzir sai yace tashi muje mu ci abinci. In abin ya cije sosai har kwana yake yi, kwastoma yayi ta surutu yace masa in kana sauri dauki kayanka.

Sannan a kawo fula. Fuli daban fula daban kar mai karatu ya rude, kuma ba ta sawa a ka ba, wani karfe ne mai kafa 3 ko 2 da doguwar kusa mai zare a tsakiya, kafafun su kama bayan fuli kusar ta tokare bakin shaf, kana daurewa yana janyo shi waje a mike ba duka ba hayaniya. Ka maida kusar notin nan cikin bakin shaf ko ka dora dan karfe a wajen don tsinin fula kar ya cinye zaren ciki. Kuma in fulin na kas ne, wato karfen zubi, a kula, kas bashi da hakuri, baya lankwasa fashewa yake, in ka kama shi ta bakin gefe inda yake da siriri ka matsa da karfi zaka ji kas, sunansa ma kenan, gara kafafun su shiga kusa da wuyansa inda yake da kauri. In an daure fula ya tsaya cak, a barshi a daure a dan bugi kan kusar fular sau daya ko biyu, sau da yawa sai kaji ya saki da wata kara kamar an karya kara. In yaki sai wuta, amma wuyan fuli ake gasawa ba shaf ba, so ake fulin ya bude ya saki. Kuma dan Allah a sauke tankin fetur a juye abinda yake cikin kafireto tukuna, a nade bayan shaf da jikakken tsumma saboda oyil sil roba ce.

To fuli ya fita, saura mai gayya. Shi ki iri iri ne kuma kowanne da lagonsa. Akwai wanda nafi so, mai kamar an raba kwabo gida biyu, muna ce masa rabin wata, Turawa suna kiransa da sunan wani Ba'amurke Woodruff da ya kirkiro shi. Gindinsa zagaye ne raminsa ma zagaye, saboda haka ba janyo shi ake ba kuma ba a zura masa sukundireba ta gefe. Ka samu guntun tagulla ko fanci mara kaifi, ka dora a karshensa daya, ka buga kasa a hankali, kamar ka taka bakin kwarya, daya bakin da kansa zai daga sama. Ya daga sai ka kama da filaya. Shikenan fa. Yaro zai wuni yana sassakar shaf da cizal akan abinda bugu 3 na hankali suke fitarwa.

Sai mikakke mai kusurwa hudu, wanda shine a yawancin injinan markade da motocin lantarki. In kwarinsa a bude yake har bakin shaf, sai ka samu bayansa ka turo shi waje da siririn fanci, karamar guduma, bugu kadan kadan, a kwance ba a tsaye ba. In kuma kwarin rufaffe ne gaba da baya kamar na motar lantarki, babu inda zai zame, dole sama zai fito, sai ka kama shi gam da filayar yanka waya ko bais girif ka dora dan karfe a kasa ka bankaro shi kamar mai cire kusa daga katako. Wanda yaki jin duk wannan akwai dabara biyu. Ko a huda tsakiyarsa a yanka zare a daura sukuru, sukurun yana taba kasan kwarin sai ya dago ki din sama, ko a kai wa mai walda ya diga masa noti a ka, zafin waldar ma kadai yana karya tsatsar, ya huce a kama notin a ja. Amma ka tsaya akan mai waldar, wayar at dinsa, wato wadda ake makalawa a jikin karfen da ake wa walda, a jikin shaf din zai makala ta dab da wajen aikin, in ya makala a jikin inji wuta zata bi ta cikin boris ta caccake shi, sai bayan sati biyu ka fara jin kuka baka san daga ina ba.

Na ukun yaran yanzu da yawa basu taba gani ba, mai kai, irin na tsofaffin injinan Lister na nika da muka taso muna gani a garuruwanmu. Shi kamar tsinke yake, gaba siriri baya kauri, dukansa ake ya shiga ya matse, saboda haka shi ake fara cirewa kafin wil din, wato babban gargaren injin, ya motsa, in ka sa fula kana ja alhali yana ciki kara matse shi kake. Karfe mai tsini ake sawa tsakanin kan nasa da wuyan wil a buga ya turo shi waje. In kan ya balle kuwa, to sai dai ince Allah ya baka hakuri, ranar ba zaka yi wani aikin ba.

Kar ace ina ta zagin yara kamar ni ban taba kwabawa ba. Ina sabon zuwa garin nan na taba dosana fanci akan rabin wata na filawil din wani janareto, wato gargaren nan mai nauyi da igiyar tayar da inji take juyawa, na bashi bugu daya mai kyau, abin nan yayi tsalle ya wuce ta gefen idona naji iskarsa, ya daki kwanon rumfa ya fada kwata. Kwatar Legas kuma kun santa. Mai janareto yana tsaye, magariba ta kawo jiki, babu inda zan samu wani. Mayen karfen tsohuwar sifika na daura a igiya na tsuguna ina ja cikin bakin ruwan nan, na ciro kusoshi da marfin kwalba da wani cokali, sai can Allah ya taimake ni ya fito. Tun daga ranar tsumma nake rufawa akai kafin in buga, kuma bana sa fuskata saitin abin.

Da ban same shi ba na san abinda shaidan zai raya min, in yanko kusa in dan fafe ta in cusa, kuma wannan ita ce cuta ta biyu da take kashe injina a garin nan. Na bude inji na samu kusa, na samu guntun rodi, na samu sifok din babur, har waya na taba samu an nannade. Ranar zai tashi lafiya kwastoma ya biya ya tafi, amma abin baya cika kwarin, duk tashi da tsayawa yana dukan gefe da gefe, wata biyu kwarin ya zama kamar bakin tsoho, sannan ko ka kawo ki na asali rawa zai dinga yi a ciki. Na filawil ma yafi hatsari domin shi yake saita lokacin da wuta zata tashi a fulogi, in ya goce ko ya yanke sai inji yaki tashi ko ya dinga fizge igiya yana neman balle wa mutum kafada, a canza fulogi a canza kwayil a wanke kafireto sau 4 ba a gano ba. Wasu kuma gani suke wayo ne su sa karfe mai taurin tsiya wai don kar ya sake yankewa. To in dutse ya fada cikin markade inji ya cije, wa kake so ya karye, ki ko karanshaf?

Ko a wajen saye ma ido baya isa. Injinan nan wani shaf dinsa milimita 20 ne ki dinsa milimita 5, wani kuma awon inci ne, kashi uku cikin hudu na inci wato milimita 19 da dan doriya, ki dinsa bai cika 5 ba, wajen 4.8 yake. Ka rike su a tafin hannu zaka rantse daya ne. Motar lantarki mai shaf milimita 19 tana cin ki mai fadi da kauri 6 da 6, mai 24 ko 28 tana cin 8 da 7. In zaka shiga kasuwar kayan gyara ta Owode Onirin ko Ladipo ka tafi da tsohon a aljihu ko ka auna da baniya, wato ma'aunin kaurin karfe, ka rubuta, kar ka yarda da shi ne oga shi ne. Wajen mayarwa kuma a goge ko ina fes, a shafa dan giris, ki ya zauna da dan bugu mara karfi, fuli ya shiga da turin hannu, wanda zai zo kwancewa badi ya sa maka albarka.

Da Iya ta tafi na zaunar da yaron nace kai dana wa ya koya maka aiki. Yace Baba wallahi babu, acaba nake yi aka kwace babur din, shine na zauna wajen wani mai gyaran janareto wata 4, da naga na iya canza fulogi da wanke kafireto sai na samu rumfa. Jikina yayi sanyi. Tun da gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaba a kananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ta karo wasu 4 a Satumba har da Kosofe da muke ciki, irin wadannan yaran sun cika ko ina, kowa yana neman abinda zai tura gida, kuma ban ga laifin mai neman halak ba. Laifin da nake gani namu ne manya. Yaro zai zauna wajenka aikinsa sayo abinci da wanke sifana, in aikin dabara yazo sai ka aike shi sayen fiya wata don kar ya gani ya zama kishiyarka gobe. To ya tafi bai gani ba, abinda ya gani kawai kana rike da guduma. Kuma in ya fasa injin Bayarabiya ba sunansa zata kira ba, cewa zatayi aboki ya bata min inji, dukkanmu kenan har ni da na shekara ina lallaba ta.

Shi yasa Malam Edita nake rokonku, shafukan siyasa sun ishe mu haka, ku dan tsaga mana ko rabin shafi ne a sati na masu aikin hannu, da Hausar da muke yi a bakin aiki ba wadda sai an nemo malami ya fassara ba. Yaran nan duk suna da waya suna karanta Hausa, abinda babu shine wanda zai rubuta musu. Akwai tsofaffin makanikai a Agege da Idi Araba da Alaba Rago da kansu yake cike da irin wannan, masu walda, masu nadin kwayil, masu gyaran famfo, in kun aiko wakilinku ni zan zaga dashi da kafata.

Injin Iya dai mun sa masa karanshaf na hannu da sabon boris da sil da fuli, kwana 3 bata yi markade ba, kuma har yau bata cika min kudina ba tace sai yaron ya biya. Yaron kuma bashi da ko sisi, saboda haka yanzu kullum da safe yana shagona. Jiya na bashi wata tsohuwar motar lantarki da fulinta ya cije tun bara, na mika masa kananzir da alinki na kulle guduma a akwati na sa makullin a aljihu. Yau da safe ya riga ni zuwa, na same shi a tsugune yana leka ramin sukuru da tocilar wayarsa, yace Baba ashe guda biyu ne a ciki.

Wassalam, na gode.

Naku,
wani bakanike daga Mile 12, Legas